Shin dogayen bas da biyan kuɗi da kati za su raba mu da cunkoso?

"Assalamu alaikum. Hukumomin birnin da nake zaune sun ce za su kawo tsarin BRT, har da biyan kuɗin mota da kati, da manhajar da za ta riƙa nuna wa mutum inda bas take. Ni kullum sai na ɓata kusan awa biyu a hanya kafin in isa wurin aiki. Abokan aikina sun rabu biyu. Wasu na cewa dogayen motoci ne kawai za a ƙara zubawa a titin da ya riga ya cushe, wasu na cewa gara a yi jirgin ƙasa ko a faɗaɗa titi. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta yaya mutum zai gane aikin na ƙwarai ne tun kafin a gama shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko wannan tsari zai rage maka awa biyun nan, ko akwai abin da ya fi shi, da kuma alamomin da za ka duba tun ana cikin aiki. Na daɗe ina aikin tsara zirga-zirgar birane, kuma zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko. Abokan aikinka masu cewa dogayen motoci ne kawai suna iya yin gaskiya, kuma abin da zai sa su yi gaskiya ko su yi kuskure abu biyu ne: an keɓe wa bas ɗin hanyarta da babu mai shiga, kuma an sauya yadda ake biyan direba da mai mota. Kati da manhaja suna da amfani ƙwarai, amma a bayan waɗannan biyun suke.

Me ake nufi da BRT

Sunan gajerun haruffa ne na Turanci, ma'anarsa sufurin bas mai sauri. Dabarar ita ce a sa bas ta yi aiki irin na jirgin ƙasa ba tare da an shimfiɗa dogo ba. Birnin Kuritiba na Birazil ne ya fara a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, wanda shi kansa masanin zanen gine-gine ne. Birnin ba shi da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai aka ware layuka a tsakiyar manyan tituna aka ce na bas ne kaɗai. Daga baya aka ƙara tashoshi masu rufi inda fasinja ke biya kafin motar ta iso. A watan Disamba na 2000 Bogota, babban birnin Kolombiya, ta buɗe nata mai suna TransMilenio a zamanin Enrique Peñalosa, kuma shi ne ya ja hankalin duniya, domin ya nuna bas na iya kwasar jama'ar da a da ake ganin sai jirgi. A babbar hanyarsa yana ɗaukar fasinja sama da 40,000 a awa ɗaya ta ɓangare ɗaya. Daga nan Jakarta ta Indonesiya ta bi a 2004, birnin Meziko a 2005, Legas a 2008, Johannesburg a 2009, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, Dakar a 2024.

Kowane sashe na tsarin an yi shi ne don toshe wata kafa da lokaci ke zubewa ta cikinta. Keɓaɓɓen layi na raba bas da cunkoso. Ana sa shi a tsakiyar titi saboda gefen titi ba ya rabuwa da masu fakin, masu sauke kaya, masu talla da masu shan kwana. Biya kafin shiga na hana motar tsayuwa ana neman canji. Dandamalin tasha daidai da ƙofar bas na sa mai keken guragu, tsohuwa da mai goyo su shiga da taku ɗaya, ta ƙofofi uku ko huɗu a lokaci guda. A mahaɗar tituna kuma ana hana ƙananan motoci yanke layin bas, ko a saita danja ta ba ta hannu da wuri. A Bogota an ƙara layi na biyu a gaban tashoshi domin bas da ba ta tsayawa a nan ta wuce wadda ke lodi, kuma wannan ne sirrin yawan jama'ar da suke ɗauka.

Dalilin da ya sa layin shi ne uwa

Ranar da wannan magana ta zauna mini a rai, ina tsaye ne a bakin wata babbar hanya tun kafin gari ya waye, ni da wasu ɗalibai, kowa da takarda da biro. Ɗaya na ƙirga motoci, ɗaya na ƙirga kawunan da ke cikinsu. Da hantsi muka haɗa lissafi. Motocin gida, yawancinsu da mutum ɗaya ko biyu, su ne suka cinye mafi yawan kwaltar, alhali mafi yawan mutanen da suka wuce ta gabanmu a cikin motocin haya suke, a matse, wasu a bakin ƙofa. Akwai wata mata da ta tsaya kusa da mu da goyo da buhu a gabanta. Motoci uku suka wuce ta a cike, ta huɗu ta tsaya nesa da ita, kafin ta ɗauki buhun wasu sun riga ta. Har muka tashi ina tunanin cewa titin nan an raba shi ne da yawan ƙarfe, mutane kuwa ba a ƙirga su ba.

Doguwar bas mai gaɓa, wadda tsawonta ya kai mita 18, tana ɗaukar mutum kusan 150. Ka kwatanta filin da motocin gida 100 za su ci don ɗaukar wannan adadi. Shi ya sa ba wa bas layi ɗaya adalci ne, ko da masu motoci sun ga layin kamar babu kowa a kai. Layin da bas ke wucewa duk bayan minti biyu zai yi kama da fayau a ido, amma ya fi na kusa da shi kai mutane gida.

Akwai kuma lissafin kuɗi da mutane ba su cika lura da shi ba. A ce zuwa da dawowa na cin bas awa biyu, kana son mota ta zo duk minti biyar. Sai ka tanadi bas 24. In layin ya rage tafiyar zuwa awa ɗaya, bas 12 sun ishe ka yin aiki iri ɗaya, da rabin direbobi, da ƙarancin mai. Sauri shi ke sa tsarin ya yi araha. Birnin da ya sayi motoci masu tsada ya bar su cikin cunkoso ya yi asara sau biyu.

An ga wannan a aikace. A Akra, babban birnin Ghana, an ƙaddamar da motocin Aayalolo a 2016, sababbi masu kyau, har da kati, amma mafi yawan hanyar babu keɓaɓɓen layi, sai suka shiga sahun sauran motoci, fasinja bai ga dalilin barin ƙaramar motar da ya saba da ita ba. A Delhi ta Indiya an gina layin gaske a 2008, amma bai wuce kilomita 6 ba, mahaɗunsa na riƙe motoci tsawon lokaci, masu motocin gida suka yi ta kuka a jaridu, a 2016 aka rushe shi. Ita kuwa Jakarta ta sha fama da babura da motocin manya masu kutsawa cikin layin, sai da aka ɗaga shingen kankare aka tsananta tara. Fenti a kan kwalta ba ya hana kowa shiga. Ana buƙatar shinge, da jami'i ko kyamara, da hukumar da za ta iya cin tarar babban mutum.

Masu motocin da ke kan hanyar tun da

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Kafin BRT ya zo, akwai masu kai mutane: danfo a Legas, daladala a Darussalam, matatu a Nairobi. Yadda sana'ar ke tafiya kusan ɗaya ne a ko'ina. Direba na karɓar mota da sharaɗin ya kawo wa mai ita balas kullum, ya sayi mai, ya sallami yaron mota da 'yan tasha, abin da ya rage shi ne nasa. Mutumin da ke cikin wannan hali dole ya yi tsere, ya tsaya inda ya ga dama, ya ƙi tashi sai mota ta cika, ya yi tuƙi tun asuba har dare. Ba mugun hali ne ya sa shi ba, tsarin biyan ne. A Bogota har suna suka sa wa abin, suna ce masa yaƙin kwabo.

Abin da TransMilenio ya sauya shi ne ya raba kuɗin fasinja da hannun direba. Kuɗi na shiga asusu ɗaya, ana biyan kamfanin da ke da motocin gwargwadon kilomitar da suka yi bisa jadawali, ana yanke masa in ya makara ko ya fito da mota mai datti, direba kuma na karɓar albashi. Daga ranar da aka yi haka tseren ya mutu, domin babu abin da direba zai samu in ya riga ɗan'uwansa isa tasha.

Tambayar ita ce su wane ne za su zama wannan kamfani. In aka kawo baƙo aka kori masu hanya, an sayi rigima. A Johannesburg, lokacin da aka fara tsarin bas mai suna Rea Vaya a 2009, an yi yajin aiki, har harbin bas aka yi. Sai da aka zauna doguwar tattaunawa, masu tasi na hanyar suka miƙa motocinsu suka karɓi hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da bas ɗin. Legas, da ta buɗe layin Mile 12 zuwa CMS mai kilomita 22 a watan Maris na 2008 ƙarƙashin hukumar sufurinta ta LAMATA, ta sa ƙungiyar direbobi cikin masu gudanarwa tun farko. Jakarta ta ɗauki wata hanya da nake ganin ta fi dacewa da birane masu lunguna: ta shigar da ƙananan motocin unguwa cikin tsarin, tana biyansu da kilomita, su kwaso mutane su kawo babban layi. Bayan haka ne fasinjojinta suka kai miliyan ɗaya a rana a farkon 2020. Na zauna a irin waɗannan tarurruka, kuma abin da direbobi ke tambaya bai wuce uku ba: wa zai biya bashin motata, shin za a ɗauke ni aiki ko shekaruna sun wuce, kuma yaron motata fa. Duk shirin da ba shi da amsar waɗannan bai shirya ba.

Inda fasaha ke shigowa

Yanzu ga katin da manhajar. Akwai wata cuta da ke damun kowace bas a duniya. Mota ɗaya ta ɗan makara, sai ta tarar da fasinja sun taru fiye da kima, lodinsu ya ƙara makarar da ita, ta bayanta kuwa ta tarar da tasha babu kowa sai ta yi sauri ta cim mata. Kafin a kai ƙarshen layi sai ka ga uku a jere, sannan a yi rabin awa babu ko ɗaya. Maganin wannan shi ne na'urar bin sawu da ke kan kowace mota, da ɗakin kula inda ma'aikaci ke ganin tazarar da ke tsakaninsu, ya ce wa wannan dakata minti ɗaya, ya ce wa waccan wuce tasha biyu. Ita wannan na'urar ce kuma ke ƙirga kilomitar da za a biya kamfani, don haka babu gardama. Allon tasha da manhaja suna ɗibar bayani daga gare ta. Mutumin da ya san motarsa saura minti shida ya fi wanda ke jiran gaibu natsuwa, mace kuma ba sai ta tsaya ita kaɗai a tasha da dare tana zaman jira ba.

Amma na taɓa shiga wani ɗakin kula mai manyan alluna a bango, sanyi kamar asibiti. Kowace bas ɗigo ce a kan taswira. Da yamma ta yi, ɗigon nan duk suka taru wuri ɗaya suka koma ja. Na tambayi saurayin da ke kan kujera me zai yi, ya ce babu, motocin suna cikin cunkoso ne tare da kowa. Na'urar ta yi aikinta daidai, ta nuna masa matsalar da ba shi da ikon taɓawa. Santiyago ta ƙasar Chile ta ɗanɗana irin wannan a babban mataki a watan Fabrairu na 2007, da aka sauya dukan layukan birnin rana ɗaya, aka rage yawan motoci bisa dogaro da na'urori da layukan da ba a kammala ba. Mutane suka yi ta dogon jira a tasha, aka ɗauki shekaru ana gyara.

Kati ma haka yake. Amfaninsa na gaske shi ne ya ba ka damar sauya mota ba tare da ka biya sabon kuɗi cikakke ba, ya sa a iya yi wa ɗalibai da tsofaffi rangwame, ya toshe ɓarnar kuɗi, ya kuma nuna wa masu tsari inda mutane ke hawa da lokacin da suke hawa. Katin Cowry na Legas yana aiki a bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasa, kuma haka ake so. Sai dai ka duba Nairobi da Kigali. A Kenya an yi yunƙurin hana biyan tsabar kuɗi a matatu a wajen 2014, abin bai zauna ba, domin direba da kwandasta daga tsabar nan suke ci, kati kuwa kai tsaye yake kai kuɗin hannun mai mota. A Ruwanda an fara raba hanyoyin Kigali ga kamfanoni ƙalilan bisa kwangila a 2013, sannan katin Tap&Go ya zo a 2015, ya kuma karɓu. Na'urar kusan iri ɗaya ce, abin da ke ƙarƙashinta ne ya bambanta. Sannan dole a tuna da mai samun kuɗinsa kullum-kullum, wanda ba zai iya zuba na mako a kati ba. In wurin sa kuɗi ya yi nisa ko intanet ta ɗauke, shi ne farkon wanda za a bari a ƙofa.

Fasahar da ta fi burge ni ita ce mafi araha. A Nairobi ɗaliban jami'a sun hau matatu da wayoyinsu, suka bi layi sama da 100 suna ɗaukar sawu, aka fitar da taswirar farko ta hanyoyin da kowa ke hawa amma babu wanda ya taɓa zanawa. Duk birnin da zai gina layi ya kamata ya fara da irin wannan, don a gina shi inda mutane ke tafiya.

Jirgin ƙasa ko faɗaɗa titi

Faɗaɗa titi na kawo sauƙi na ɗan lokaci. Da hanya ta buɗe, wanda ke hawa haya ya sayi mota, wanda ke fita da asuba ya koma fita da safe, unguwanni su miƙe a bakin hanyar, cikin 'yan shekaru a koma gidan jiya. Jirgin ƙasa kuwa ba abokin gabar BRT ne ba. Ya fi ɗaukar jama'a, ya fi daɗewa, amma kuɗin kilomita ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai shimfiɗa kilomitoci masu yawa na layin bas, kuma gininsa na cin shekaru. Birnin da ke ƙaruwa da sauri ba zai jira ba. Ga hanya ɗaya ko biyu da jama'arsu ta wuce ƙarfin bas, jirgi ne amsa. Bogota kanta tana gina nata yanzu, bayan motocinta sun cushe har mutane sun gaji da su, Legas kuma ta fara jigila a layin jirginta na farko a 2023 ba tare da ta bar bas ba.

BRT na da iyakarsa. Yana son titi mai faɗi, tsohon gari mai ƙananan hanyoyi ba ya ɗaukarsa sai an yi rusau, rusau kuwa talaka yake ci. Ba ya cire cunkoso daga titi, abin da yake yi shi ne ya ba ka hanyar tsallake shi. Kuma da wuya kuɗin fasinja kaɗai ya riƙe shi. A Johannesburg, inda mulkin wariya ya tura ma'aikata nesa da gari, motoci na cika da safe ta ɓangare ɗaya su dawo babu kowa, dole gwamnati ta cike giɓi. In ba a ware wannan tallafi a kasafi ba, abin da ke biyo baya sananne ne: a daina gyara, motoci su ragu, jira ya yi tsawo. Darussalam ta gina layi mai kyau na kusan kilomita 21, wanda babban reshensa ya tashi daga Kimara zuwa Kivukoni, ya rage tafiya sosai, amma ƙarancin motoci ya sa tashoshi suka cika maƙil, garejin da aka gina a kwarin Jangwani kuma ambaliya ta sha shiga ta lalata motoci. Dakar ta zo da motoci masu lantarki zalla a layinta mai kilomita 18, abin da ke rage hayaƙi da kuɗin mai, amma su ma layin ne ke ba su sauri.

Abin da za ka duba

Hukunci a kan hanyarku takamaimai sai an tsaya a bakinta an yi ƙirga, kamar yadda na ba ka labari. Amma akwai abin da idonka zai gani. Je ka wurin da hanyar ta fi matsewa, kusa da kasuwa ko gada ko babbar mahaɗa, ka ga ko shingen ya bi ta nan. Sau da yawa ana gina layi inda fili yake, a bar shi ya ɓace daidai inda cunkoson yake, alhali a nan ne mintocinka ke tafiya. Duba yadda za ka tsallaka zuwa tashar, domin gadar ƙafa mai matakala da yawa na korar tsoho da mai kaya. Tambayi direbobin hanyar ko an zauna da su, za ka ji gaskiya a bakinsu fiye da a takardar sanarwa. A taron jin ra'ayi kuma ka nemi a faɗi motoci nawa za su fito ranar farko, duk minti nawa za su riƙa zuwa, da hukumar da za ta biya gyaransu a shekara ta biyar.

Kai kuma gobe ka duba agogo ka raba awa biyun nan kashi-kashi: tafiyar ƙafa zuwa titi, jiran mota, jiran ta cika, zaman cunkoso, sauyin mota. In mafi yawansu a babbar hanyar suke tafiya, layin da aka killace da gaske zai dawo maka da kaso mai tsoka. In kuwa a cikin unguwa kake ɓata su kafin ka fito titi, to abin da za ka matsa a kai shi ne ƙananan motocin da za su kawo ka tasha, da kuma a haɗa kuɗinsu da na bas a kati ɗaya.